"Ta Sayi" Ba Ta Isa Fassarar Kwangilolin Pentagon Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin masu fassara labaran ƙetare kan wata kalma da ake yi wa riƙon sakainar kashi. Da zarar Ma'aikatar Tsaron Amurka, wato Pentagon, ta sa hannu kan wani babban shiri, sai a rubuta "ta sayi". Alhali a tsarinsu, jirgin yaƙi ko tauraron ɗan'adam ba a sayensa a zama ɗaya. Ƙofofi uku ake bi, wato matakan amincewa A da B da C, kowace da abin da take buɗewa.

Ƙofar A izini ne kawai na gwada fasahar a ga ko za ta yi. A ƙofar B ne shirin ke tsayawa da ƙafafunsa: a nan ake rubuta kuɗin da zai ci, lokacin da zai ɗauka da aikin da ake so ya yi, kuma da wannan ma'auni za a riƙa bin sa har ƙarshe.

Ƙofar C ce ta fi ruɗa mutane. Abin da take bayarwa izinin ƙera 'yan kaɗan ne na farko, don a samu na gwaji, masana'anta kuma ta saba. Idan adadin ya haura kashi 10 cikin 100 na jimillar da za a saya, sai an yi wa majalisar dokokin Amurka bayanin dalili. Ƙira gadan-gadan wani izini ne daban, sai kayan sun ci gwajin fagen aiki.

Jirgin yaƙi na F-35 ya isa misali. Kamfanin Lockheed Martin ya samu kwangilar jirgin a 2001, amma sai a Maris 2024 aka ba da izinin ƙira gadan-gadan. Kafin nan an ƙera kusan 1,000 da sunan "kaɗan na farko". Ana gwaji ana ƙira, don haka duk aibin da gwaji ya tono, sai a koma a gyara shi a jikin jiragen da aka riga aka biya kuɗinsu.

Ƙofar da aka wuce ma tana iya rufewa. Dokar Nunn-McCurdy ta 1982 ta ce idan kuɗin guda ɗaya ya ƙaru da kashi 15 kan ma'aunin da ake aiki da shi, a sanar da majalisa. Idan ƙarin ya kai kashi 25, shirin na fuskantar sokewa, sai dai idan Sakataren Tsaro ya kare shi a rubuce. F-35 ya faɗa wannan rami a 2010, aka janye masa izinin B, bai sake samu ba sai 2012.

Roƙona, a riƙa bambance "izinin gwaji", "izinin ƙirar farko" da "izinin cikakkiyar ƙira", a kuma faɗi adadin da kwangilar da ake ba da labarinta ta ƙunsa, ba jimillar shirin ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku