Abin da ke kaɗa muryar rediyo da daddare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A shirinku na kimiyya wani mai sauraro ya tambaya me ya sa muryar gajeren zango take zuwa tana ɓacewa, sai aka ce masa "yanayi ne", aka wuce. Ni da na tashi ina murɗa wa mahaifina akwatin rediyo bayan Isha'i, amsar nan ba ta ƙosar da ni ba.

Ba hadari ba ne, ba kuma hazo ba. Can sama, daga wajen kilomita 80 zuwa ɗaruruwa, akwai siririyar iska da hasken rana ke cika ta da lantarki, ita ake kira ayonosfiya. A kanta muryar Landan ko ta Jamus take dukawa ta dawo ƙasa. Idan ta motsa, murya ta motsa.

Iskar nan tana fitar da haske nata, na ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, kuma iskar ƙasa tana shanye shi kafin ya iso mana. Dole sai an leƙo ta daga sama. George Carruthers, baƙar fata ɗan Amurka, shi ya ƙera kyamarar da 'yan sama-jannatin kumbon Apollo 16 suka kafa a kan wata a 1972, ta ɗauko duniya cikin wannan haske. A Janairun 2018 aka harba na'urar GOLD ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a jikin wani tauraron sadarwa da ke tsaye saitin Brazil, kusan kilomita 36,000 daga ƙasa. Daga hasken iskar oksijin da naitirojin take gano zafin wurin da yawan lantarkinsa.

Hotunanta na bayan faɗuwar rana suna nuna layuka biyu masu haske, arewa da kudu da tsakiyar maganaɗisun duniya (layin da ya zagaye duniya ya raba maganaɗisunta biyu), da wasu baƙaƙen ramuka da ke tsaga su, wato wuraren da lantarkin ya yi ƙaranci. Ramukan ne ke rikita GPS da sadarwar taurarin ɗan'adam. To, wannan tsakiya ta ratsa Nijeriya, mu ke nan a ƙarƙashinta.

Muna da cibiyar binciken iskar sama ta NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Nijeriya, a Anyigba, jihar Kogi. Don Allah ku gayyato ɗaya daga cikin malamanta, a sake ɗauko tambayar bawan Allahn nan.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya