Yadda ya kamata a zaɓi 'yan sinuka da za su wakilce mu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wani wasa da shafukan wasanni ba su cika waiwaya ba, duk da cewa da wuya mutum ya ratsa unguwa a birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, bai ji ƙarar ƙwallayensa a ƙarƙashin wata rumfa ba. Ina nufin sinuka, musamman irin wadda ake kira pul, domin ita matasanmu suka fi bugawa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake fitar da waɗanda za su wakilci unguwa ko gari idan gasa ta taso, domin har yanzu da fatar baki ake yin zaɓen. Sai a ce wane ya fi wane saboda an ga ya kori mutane a teburi daren jiya, ko kuwa a ɗauke shi don shi ne na hannun daman wanda ya biya kuɗin mota.

Waɗanda suka mai da wannan wasa sana'a sun daɗe da wuce nan, kuma gasar Kofin Mosconi ta ishe mu misali. Kamfanin Matchroom na Ingila ne ya fara shirya ta a 1994, aka raɗa mata sunan Willie Mosconi, gwanin Amurka da ya taɓa zura ƙwallo 526 a jere ba tare da kuskure ba a 1954. Duk ƙarshen shekara Turai da Amurka ke karawa, a tsarin yanzu kowane ɓangare da mutum biyar, kuma wanda ya riga kaiwa maki 11 shi ke ɗaukar kofi. A shekarun farko Turai takan sa fitattun 'yan sinukar Birtaniya irin su Steve Davis da Jimmy White, waɗanda sunansu ke jawo masu kallo, amma daga 1996 zuwa 2005 sau ɗaya tak ta yi nasara, wato a 2002, lokacin da Davis ya doke Earl Strickland a wasan ƙarshe aka tashi 12 da 11.

Daga baya reshe ya juye da mujiya. Turai ta lashe kofin shekara takwas a jere, daga 2010 zuwa 2017, har a 2013 aka tashi 11 da 2, alhali Amurka ba ta rasa gwanaye ba, tunda tana da Shane Van Boening, wanda duk duniya ke shakkarsa. Da abin ya ishe su, sai aka ɗauko musu Johan Ruijsink, mutumin Holand da ya sha jagorantar Turai zuwa nasara. Shekararsa ta farko, 2017, kashi ya sha. Amma ya ci gaba da tara 'yan wasa a sansanin horo tun da sauran watanni, yana duba tsayuwar kowa da riƙon sandarsa da kuma yadda yake ɗaukar gyara, sannan a 2018 ya saka wani matashi mai suna Tyler Styer, wanda mutane da yawa ba su san shi ba, ya bar waɗanda suka fi shi suna a gida. An yi ta surutu a kan wannan zaɓi. A birnin Landan Amurka ta ci 11 da 9, ta sake ci 11 da 8 a Las Vegas a 2019.

Dalilin da ya sa suna kaɗai ba ya wadatarwa yana cikin tsarin gasar. Wasan ƙwallo tara ake yi, inda dole farar ƙwallo ta fara taɓa mafi ƙanƙantar lamba a teburi, kuma wanda ya zura ta tara shi ya ci. Karawar gajera ce, wanda ya riga cin wasa biyar ya samu maki, ga agogo na daƙiƙa 30 a kan kowane bugu, ga dubban 'yan kallo suna ihu. Sannan kaso mai yawa na makin daga wasan bibbiyu yake fitowa, inda abokan wasa ke karɓa-karɓa, wannan ya buga, wancan ya buga. A nan ne gwanin da ya saba wasa shi kaɗai yake zama nauyi. Idan ka zura ƙwallo, abokinka ne zai gaji inda ka ajiye farar, don haka wajibi ne ka san ko bahago ne, ka san ko yana ƙyamar bugu daga jikin bango, ka san ko ya fi son doguwar ƙwallo miƙaƙƙiya ko gajera mai kwana. Idan kuma ya ɓarar da bugu mai sauƙi, fuskar da za ka nuna masa tana iya tsayar da hannunsa ko ta ƙara masa rawa. Wannan sanin ba ya samuwa a cikin mota ranar tafiya.

Sai dai ba na son a fahimci cewa sansani na 'yan watanni shi ne maganin komai, domin daga 2020 zuwa 2024 Turai ta sake lashe kofin sau biyar a jere. A ganina asirinta yana cikin gasar zagaye da take gudanarwa tun 1992, wadda ke haɗa 'yan wasan ƙasashenta sau da yawa a shekara, ana rubuta sakamakon kowa ana tara masa maki. Saboda haka ne a shekaru da dama ake cike gurbi uku na ƙungiya da waɗanda suka fi maki, a bar wa kyaftin biyu ya zaɓa da idonsa. Na gamsu da wannan rabo ƙwarai. Makin yana kare yaron da ba shi da kowa, zaɓin kyaftin kuma yana ba da dama a ɗauki wanda zai dace da sauran ko da ya ɗan gaza a lissafi. Idan aka bar wa mutum ɗaya duka biyar, son rai zai shigo. Idan aka bar wa lissafi duka, ana iya tara gwanaye biyar da ba sa ga maciji da juna.

Mu a nan ko tubalin farko ba mu aza ba. Yawancin teburanmu ƙanana ne, an tokare ƙafa ɗaya da kwali don ƙwallo ta daina gangarawa, ƙyallen ya sha ɗinki, kan sandar ya cinye har alli ba ya kama shi, kuma kowace rumfa da dokarta a kan abin da ke faruwa idan fara ta faɗa rami. Yaron da ya ƙware a kan irin wannan teburi hannunsa na da kyau, babu shakka, amma ranar da aka tsayar da shi gaban teburi mai ƙafa tara da matsattsun ramuka da ƙyalle mai santsi, zai ga kamar bai taɓa riƙe sanda ba. Na san kuma iyaye da malamai da yawa suna kallon rumfar sinuka a matsayin wurin caca da ɓata lokaci, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Amma gasa mai rajista, wadda aka haramta caca a cikinta, aka tsayar da wasa lokacin salla, aka hana ɗalibi shiga a lokacin makaranta, ita ce za ta raba mai son wasan da mai neman abin banza.

Don haka ina kira ga masu teburan da kansu, kafin a je ga hukuma, su haɗu su amince da doka ɗaya rubutacciya, su riƙa shirya gasa duk wata ana zagayawa tsakanin Katsina da Daura da Dutsin-Ma da Malumfashi da Funtuwa, a ajiye littafi guda da za a rubuta wanda ya ci da wanda aka ci, a kuma liƙa jerin maki inda kowa zai gani. Idan tafiya ta taso, uku na saman jerin su shiga ba tare da muhawara ba, kyaftin da 'yan wasa suka yarda da adalcinsa ya cike biyu, ya kuma faɗi dalilinsa a bainar jama'a. Daga nan a haɗa su wuri ɗaya na aƙalla mako biyu, ana sauya musu abokan wasa har a gane wa ya dace da wa, ana buga musu agogo. Abin da muke nema daga masu kula da wasanni na jiha da masu hannu da shuni bai wuce teburi biyu masu cikakken awo ba, a ɗaki mai haske a kusa da filin wasa na Muhammadu Dikko, inda zaɓaɓɓun za su riƙa atisaye. Ku kuma, ya Edita, idan aka fara, muna roƙon ku riƙa buga jerin makin a shafinku na wasanni duk ƙarshen wata.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.