Zuwa ga Malam Habu, kan aikin zanen Hafsatu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin can? Allah ya sa an saba da shi. Saƙonka ya iso, har da takardun da 'yarmu Hafsatu ta ciro daga intanet don aikin da aka ba ta a makaranta kan zane-zanen gargajiya. Yarinyar ta yi ƙoƙari, amma ka ce mata kada ta miƙa tukuna. Jerin nan da ta samo, wanda aka zana kowace alama aka rubuta ma'anarta a gefe, aka kuma ce haka take tun shekaru dubbai, shi ne irin abin da ke ɓatar da ɗalibai. Kowane zane akwai wanda ya fara shi, akwai wanda ya ɗauke shi ya kai wani gari, akwai kuma waɗanda suka raɗa masa suna daga baya. Idan ta bi wannan sawun, aikinta zai fi na sauran yara nauyi.

Ta fara da adinkra, yadin da Asante na Ghana ke buga wa alamu, tunda shi ya cika rabin takardunta. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne wai Asante sun koyi zanen ne bayan sun ci sarkin Gyaman mai suna Adinkra da yaƙi a 1818. Labari ne mai daɗin ji. Sai dai wani Bature, Thomas Bowdich, ya je Kumasi, babban birnin Asante, a 1817, ya kuma dawo da zanen adinkra mai alamu 15, wanda har yanzu yana ajiye a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Ka ga ke nan zanen ya riga yaƙin. A 1927 wani Baturen, Rattray, ya tattara alamu 53 da ma'anoninsu. Yau kuwa an wuce haka nesa ba kusa ba, kuma masu bugawa ba su daina ƙirƙiro sababbi ba. A wancan zamanin Kumasi cike take da fatake Musulmi da malamai masu rubuta layu da hatimi, har mayaƙan Asante suna sa riguna da aka lulluɓe da layu. Shi ya sa masana da dama ke ganin tsarin adinkra na raba yadi gida-gida yana da nasaba da hatimin malamai.

Da so samu ne ta ga yadda ake buga shi a Ntonso, kusa da Kumasi. Ana jiƙa ɓawon wani itace da suke kira badie, a daka shi, a dafa ruwan na tsawon lokaci tare da kashin maƙera har ya yi kauri ya yi baƙi. Mai bugawa zai shimfiɗa yadin, ya tsoma wani abu mai haƙora kamar mataji ya ja layuka, ya raba shi gida-gida. Sannan ya ɗauki sakaina da aka sassaƙa alamar a jikinta aka kafa mata tsinkaye a baya don riƙewa, ya tsoma, ya yarfe, ya danna, ya sake tsomawa. Tawadar ba ta jure wanki, don haka a da ba a cika wanke zanen ba. Asalinsa ma na zaman makoki ne. Alamar Gye Nyame, wato "sai dai Allah", da yanzu ake bugawa a kujerun roba da bayan motoci, daga wannan zanen ta fito.

Atamfa kuwa ita ce ta fi nuna abin da nake nufi. Kowa na kiranta tufar Afirka, kuma ban musa ba. Amma salon rina yadi da kakin zuma daga tsibirin Jawa na Indonesiya ya fito, inda mata ke ɗiga narkakken kaki da hannu, har akwai wani zane mai suna parang da a da ba mai sa shi sai 'yan gidan sarautar Yogyakarta da Surakarta. Turawan Holan da ke mulkin can suka yi ƙoƙarin yin irinsa da inji don su sayar wa mutanen Jawa da araha. Kakin inji yakan tsage, rini ya kutsa ya bar jijiyoyi a jikin yadin, mutanen Jawa suka ɗauki hakan aibu. Da aka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 19, jijiyoyin nan suka zama abin so. Kamfanin atamfa na Vlisco da ke garin Helmond a Holan, wanda aka kafa a 1846, yana fitar da zane da lamba kawai. Matan kasuwa, musamman manyan 'yan kasuwar Lome da ake wa laƙabi da Nana Benz, su ne ke raɗa suna: wannan idon kishiyata, wancan mijina mai iyawa ne, mai tsuntsaye biyu suna ficewa daga keji kuma in ka fita in fita. Baturen da ya zana tsuntsayen bai san da wata kishiya ko gantalallen miji ba. Habaicin na matan ne, kuma shi ya sa yadin ya zama nasu.

Kada Hafsatu ta ɗauka mu kaɗai ne. Mutanen Sikotlan suna alfahari da yadinsu mai gidan dara, wai kowane dangi da nasa tun kaka da kakanni. Gwamnatin Birtaniya ta hana mutanen tsaunukansu sa tufar a 1746 bayan tawaye, ta ɗage hanin a 1782. Ware wa kowane dangi nasa zane kuwa ya kankama ne a farkon ƙarni na 19, musamman da Sarki George na huɗu ya ziyarci Edinbura a 1822, manya suka ruga wurin masaƙa kowa na neman na gidansu. Masaƙan ma da lamba suke gane da yawa daga cikin zanen kafin nan.

Na matan Ndebele a Afirka ta Kudu ya fi taɓa ni. A 1883 Turawan Boer suka ci sarkinsu Nyabela da yaƙi, suka ƙwace ƙasar, suka rarraba mutanen gonakinsu suna yi musu aikin dole. A cikin wannan warwatsuwa zanen bango da aikin duwatsun ado suka zama hanyar da mace ke nuna cewa gidan nan na Ndebele ne. Launukan nan masu haske da ake ɗauka a hoto sun zo ne daga baya, da fentin kanti ya samu. Idan ka dubi bangon da kyau za ka ga reza, da ƙwan lantarki, da jirgin sama, da haruffan boko, duk an lanƙwasa su sun zama zane. Fitacciyar mai zanensu Esther Mahlangu, wadda ta zana motar BMW a 1991, da gashin kaza ta koyi jan layi a wurin mahaifiyarta da kakarta.

Ka tambaye ni batun dagi, tunda ta sa shi a shafin farko. Ƙullin nan marar farko marar ƙarshe ana samunsa a daɓen gidajen Rumawan da, da adon littattafai da gine-ginen Arewacin Afirka, da sassaƙar Yarabawa. Fatake da malamai sun daɗe suna ratsa Sahara da littattafai da kayan fata, saboda haka ganinsa a can da nan ba abin mamaki ba ne. Mu mun same shi a kan riguna da bangon soraye da kayan dukawa tun kafin ya zama tambarin siyasa a zamanin Sardauna, lokacin da aka ɗora masa ma'anar haɗin kan Arewa. Ma'anar ba ƙarya ba ce, amma tana da shekarunta, kuma ta rubuta su. Haka aska biyu da aska takwas a babbar riga. Yawanci malami ne ke zayyana zanen da alƙalami da tawada a kan yadin, sannan maɗinka su bi sawunsa da zaren tsamiya ko auduga, ana watanni ana yi. Ƙananan gidajen nan da ke kusa da aljihu sun yi kama da hatimi, tunda hannun da ya saba rubuta laya shi ya zana su. Nupawan Bida da mutanen Ilori ma sun yi fice a irin rigar, don haka kada ta rubuta cewa ta ƙabila ɗaya ce. Magina a Zariya kuma sun sa keke da mota da jirgi a bangon gidaje a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kamar dai matan Ndebele.

Wani zai ce to ai duk ƙirƙira ce ke nan. Ni ban ga laifin sabuwar ma'ana ba. Matar da ta ɗaura idon kishiyata ta san abin da take faɗa, kishiyar ma ta ji. Abin da ba na so shi ne mai shago ko mai shafin intanet ya ƙaga ma'ana jiya, ya ce ta fi shekara dubu don kayansa su yi tsada. Akwai kuma zanen da ba shi da wata ma'ana ko kaɗan, mai yi ya ga ya yi kyau ne kawai, amma in baƙo ya matsa masa da tambaya sai ya samo masa amsa don a rabu lafiya.

Don haka ta rage alamun, ta ɗauki uku ko huɗu. A kan kowace ta nemo wa ya yi ta, da me aka yi, wa ke da ikon sa ta, kuma a wace shekara aka fara ganinta a rubuce ko a hoto. Idan akwai gidan tarihi kusa da ku, ka kai ta ranar da ba ka aiki, ta karanta ƙananan takardun da ake liƙawa a gefen kaya, don nan ake rubuta shekara da wurin da aka samo su. In ta gama ta turo mini in duba kafin ta miƙa.

Ka gaishe da Hajiya da sauran yaran. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Garba