Godiya ga majeman da na sayi fata a wajensu a Kano

Assalamu alaikum. Ni baduku ne daga Katsina, gafaka da kube da kayan doki nake ɗinkawa, kuma wallahi sai da na ga ya zama dole in fito fili in gode wa wasu bayin Allah a unguwar Majema.

Kafin azumi wani dila ya haɗa ni da fata dozin biyu, ya rantse min duk akuya ce, ashe rabi tunkiya aka rina ja. Na ɗinka wa wani malami gafaka goma na ɗalibansa masu sauka, ko wata ba a yi ba maratayin ya saki, fuskar ta fara ɗayewa, aka dawo min da su har gida gaban yarana. Na kira dilan ya fi sau goma, ƙarshe ma ya daina ɗauka.

To da wannan ciwon na shigo Kano. Dattijon da na tarar bai ma fara da maganar kuɗi ba, buzu ya shimfiɗa min ya ce zauna ɗana, ya jawo fata biyu ya ce ja wannan. Na ja ta miƙe kamar ƙullin alkaki, ya ce tunkiya kenan, maiƙo ya mata yawa shi ya sa take rabuwa, ka bar ta a shafin ciki. Ɗayar kuwa na ja ta tsaya gam, ya ɗaga ta a rana ya nuna min ƙananan ramukan gashin nan a jere, jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka riƙa kira fatar Maroko saboda ta Sahara take isa gare su. Jimar bagaruwa, rinin karan dafi, basilla na shiga ba ta yagewa. Na ce Baba a ɗaure min ashirin, da hannunsa ya zare uku ya ce akwai shaidar wuƙar mahauci a jiki, ba zai sayar min ba.

Abin da ke damuna, masu kyan duk kamfanonin Challawa da Sharaɗa ke kwashewa a tura Italiya, ta shanu kuma an cinye a ganda, mu ƙananan dukawa sai ragowa, ragowar ma a yi mana algus.

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya albarkaci yaran da suka kai min kaya har tasha. Gafakan malam na sake ɗinka su, ya kuma ƙara odar biyar.