A Tuna da Dawakin Tsere Tun Suna Raye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da jaridarku ta buga kwanan nan kan yadda masoya sukuwa ke karrama shahararrun dawaki bayan mutuwarsu, kuma ina neman izinin tofa albarkacin bakina.

Abin ya daɗe. Red Rum, dokin da ya lashe gasar Grand National a 1973 da 1974 da 1977, an binne shi a 1995 daf da layin kammala tsere a filin Aintree na Ingila, inda har yau ake ajiye masa furanni. Phar Lap kuwa, shahararren dokin tseren ƙasar Ostireliya da ya mutu a 1932, zuciyarsa tana gidan tarihi a birnin Kanbera, fatarsa a birnin Melbon.

Ban ga laifin wannan ƙauna ba, sai dai furanni ba sa ciyar da dubban dawakin da ake sallama daga tsere da rauni ko tsufa, waɗanda ba wanda ya san sunansu.

Shawarata ita ce, hukumomin sukuwa su ware wani kaso daga kuɗin shiga fili a ranakun tunawa da irin waɗannan zakaru, a riƙa biya wa dawakin da suka yi ritaya abinci da magani.

Naku,
Mai karatu