Ruwan da ake jiƙa samfur ma yana da nasa aikin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayanin da kuka kawo a shafin kimiyya kan na'urar NMR, mai gano tsarin sinadarai ta hanyar maganaɗisu, ya yi armashi, sai dai yabon duk ya tafi ga ƙaton maganaɗisu, ba a ko ambaci ruwan da ake jiƙa samfur da shi ba. Mu da muke wuni gaban na'urar, a nan muke shan wuya.

Ciwon kan auna daskararrun abubuwa shi ne raunin sigina. Dabarar ƙarfafa sigina da ake kira DNP, wadda Albert Overhauser ya hango tun 1953, tana ɗebo ƙarfi daga elektiron ta miƙa wa haidirojin, kuma a lissafi ninkin kan kai kusan sau 660. To, elektiron ɗin yana jikin wani sinadari ne da ake narkarwa, irin su AMUPol, kuma ana aikin a sanyin kusan digiri 173 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Ruwa zalla a wannan sanyi ƙanƙara yake zama, ya ture sinadarin gefe ya dunƙule wuri guda, shi ke nan an yi asara. Ana son ruwan da zai daskare kamar gilashi, kowace ƙwaya ta tsaya inda sanyi ya riske ta. Shi ya sa ake haɗa gilisarol mai diyuteriyam (wato haidirojin mai nauyi) kashi 60, ruwa mai nauyi (wato mai diyuteriyam) kashi 30, ruwan da muka sani kashi 10. Wannan kashi 10 da gangan ake barin sa, domin haidirojin ɗinsa ne ke kai ƙarfin har cikin samfur, in ya yi yawa kuma ƙarfin ya watse.

Samfurin da ba ya shiri da ruwa kuwa, sai a jiƙa shi da wani ruwan sinadari mai suna TCE, a sa TEKPol a madadin AMUPol. TCE guba ne, ba a wasa da tururinsa.

Abin da ke ba ni haushi, ɗalibi ya zo yana murna wai ya samu ninki 200, ka duba allo ka tarar gilisarol ɗin ne ya yi tsiri, kabon ɗinsa ya fito wajajen 63 da 73 ppm, ma'aunin wurin da sigina ke fitowa a allon, ya danne siginar abin da ake nema. Ni dai gara ninki 40 mai tsabta. In samfurin a wannan yanki yake fitowa, a nemi gilisarol da aka rage wa kabon-13, wato nau'in kabon da na'urar ke gani, tun kafin a kunna na'ura.

Naku,
Wani malamin kimiyyar sinadarai