Wasiƙa kan faifan Pink Floyd na 1973

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya iyali, ya kuma zaman baƙunta? Allah ya sa lafiya lau.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka saurari waƙa biyu daga cikin The Dark Side of the Moon, ta kuɗi ("Money") da ta agogo ("Time"), amma ba ka ga abin da ake ta kururutawa ba. Kunnenka lafiyarsa ƙalau, hanyar sauraron ce ta cuce ka. Ba a yi faifan nan don a tsinci ɗaya a bar saura ba. Waƙoƙi goma ne, tsawonsu duka minti 43, kuma a kowane gefen faifan an ɗinke su ba tare da tsayawa ba, wutsiyar wannan ita ce kan waccan. Wanda ya ciro guda ɗaya kamar wanda ya yago ƙyalle ne daga babbar riga yana neman ganin kyan aikinta.

Mutum huɗu ne a Pink Floyd, ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila, a lokacin: Roger Waters a jitar bes, David Gilmour a jita, Richard Wright a fiyano da ogan, Nick Mason a ganguna. Waters ne ya rubuta baitocin gaba ɗaya, shi ya sa jigon bai warwatse ba. Jigon kuwa shi ne abubuwan da ke matsa wa ɗan'adam har su taɓa masa hankali: gudun lokaci, tsoron mutuwa, kwaɗayin kuɗi, gaba tsakanin mutane. Ba daga sama suka ɗauko zancen taɓin hankali ba. Jagoransu na farko, Syd Barrett, rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ce ta raba shi da su a 1968.

Abin da ya fi ƙara wa aikin inganci, a ganina, shi ne sun daɗe suna kaɗa shi a gaban jama'a kafin su gama naɗarsa. Sun fara gwada shi a Brighton cikin Janairun 1972, kuma a daren na'urar tef ta ba su kunya daidai kan waƙar "Money", dole suka katse. Wata guda bayan nan suka yi shi a zauren Rainbow da ke Landan. Kafin faifan ya fito a Maris na 1973, duk wata mahaɗa da ke da rauni sun gano ta sun gyara.

A sitidiyon Abbey Road aka naɗe shi, a kan tef mai layi 16, Alan Parsons ne injiniyan sauti. Babu kwamfuta. Duk abin da za ka ji, da reza da gam ɗin liƙa tef aka haɗa shi. Ɗauki farkon "Money". An naɗi ƙarar kwabbai, da ta akwatin kuɗin kanti, da ta yaga takarda, aka yayyanka tef ɗin gunduwa-gunduwa daidai wa daida, aka liƙe shi ya zama zobe. Zoben ya yi wa na'ura tsawo, sai aka zagaya da shi ta jikin sandar makirfo don ya tsaya a miƙe yana juyawa. Wannan zoben ne ya zame wa makaɗan ma'aunin bugu. Kuma bugun bakwai-bakwai ne, ba huɗu-huɗun da aka saba da shi a kiɗan rok ba. Gwada da kanka: bes na shigowa ka fara ƙirga ɗaya zuwa bakwai, ka sake komawa ɗaya. Za ka ga ya zauna daram, har mai busa sakso, Dick Parry, ya gama nasa. Da jitar Gilmour ta karɓa sai ƙirgan ya ƙi, domin a nan sun koma huɗu. Wannan sauyin ne ke sa mai sauraro ya ji kamar an sakar wa kiɗan linzami, ko da bai san dalili ba.

Agogunan "Time" kuma Parsons ne ya naɗo su ɗaya bayan ɗaya a shagon kayan gargajiya, don gwajin sauti mai lasifika huɗu, daga baya aka jera su su kaɗa tare. "On the Run" sautuka takwas ne kacal aka ɗura wa wata na'urar haɗa sautin lantarki ta kamfanin EMS, aka ƙara mata gudu tana ta maimaitawa. Gaskiya wannan ce ta fi nuna tsufa a faifan, ko da yake tana yin aikinta, wato ta tayar maka da hankali kafin agogo.

Inda zan so ka fi natsuwa shi ne ƙarshen gefen farko, "The Great Gig in the Sky". Wright ya shimfiɗa fiyano a kan zancen mutuwa, suka rasa abin ɗorawa a kai, sai aka kira wata mawaƙiya, Clare Torry, ran wata Lahadi. Ba a ba ta baiti ko ɗaya ba. Ta mai da muryarta kayan kiɗa, ta tashi daga kuka zuwa kururuwa, ta sauko a hankali har ta koma kamar mai rarrashi. Fam 30 aka biya ta. A 2004 ta kai ƙara, a 2005 aka sasanta, tun daga nan ake rubuta sunanta tare da na Wright a matsayin masu waƙar. Kuma ta cancanta. Amma fa wannan waƙar ba ta cika kama mutum sai ya biyo ta "Time", wadda ta gama gaya masa shekaru sun tsere masa bai ankara ba.

Akwai kuma muryoyin mutane da ke ɓullowa nan da can ƙasa-ƙasa. Waters ne ya rubuta tambayoyi a kan katuna, game da mutuwa da faɗa da hauka, aka riƙa zaunar da duk wanda ke cikin ginin gaban makirfo yana amsawa. Har Paul McCartney, mawaƙin ƙungiyar Beatles, da matarsa an yi da su, ba a yi amfani da nasu ba. Na mai gadin ƙofar sitidiyon, Gerry O'Driscoll, shi ya shiga. Nan ma sun nuna sanin ya kamata, sun zaɓi wanda ya yi magana tsakani da Allah a kan mai suna.

To ga yadda za ka yi. Ware minti 45 da ba mai kiranka. Kada ka saurara ta lasifikar waya. Faifan da bugun zuciya yake farawa, da babbar gangar ƙafa aka yi shi, kuma sautin ya yi kauri da yawa, ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da shi, sai ka zaci shiru ne. Sa iyafis, kuma kunne biyu, domin takun gudu da ƙarar na'ura a "On the Run" suna ratsawa ne daga hagu zuwa dama, mai kunne ɗaya rabi yake ji. Kashe maɓallin da ke yamutsa jerin waƙoƙi. Idan manhajarka na da saitin hana tazara tsakanin waƙa da waƙa, kunna shi, wanda ke cusa ƙarshen wata cikin farkon wata kuma ka kashe shi, don yana cinye mahaɗar da suka sha wahala a kanta. Fayilolin MP3 da aka sauke ɗai-ɗai su ma suna da matsala: tsarinsu kan ƙara ɗan shiru a farko da ƙarshen kowane fayil, sai ka ji kiɗan ya yi tuntuɓe. Fayilolin FLAC, waɗanda ba sa rage ingancin sauti, ko faifan CD ba sa haka.

Kula da ƙarfin sauti. Kada ka ƙure shi don neman jin bugun zuciyar, in ba haka ba wajen minti na takwas agogunan nan za su razana ka. Daidaita shi a kan muryar Gilmour a "Breathe", ka bar shi a nan. Bayan muryar Torry ta lafa ka dakata na minti ɗaya, domin a nan ake juya faifan garmaho, kuma da wannan hutun a zuciya suka tsara shi. Gefe na biyu ya ɗan fi tsawo, minti 23 da ɗoriya. "Any Colour You Like" gada ce kawai, kada ka nemi fiye da haka a wurinta. "Us and Them" da biyun ƙarshe su ne nauyin gefen.

Ka tambayi ko talla ce ta ɗaga shi. Mako ɗaya tak ya yi a matsayi na ɗaya a Amurka, a Ingila ma na biyu ya tsaya, amma ya yi mako 741 a jerin Billboard na fayafayan da suka fi kasuwa a Amurka tsakanin 1973 da 1988. Talla ba ta riƙe kaya shekara 15.

In ka saurara yadda na faɗa, ka rubuto min ko ƙirgan bakwai ɗin ya zauna maka. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka